Ƙusar Kawu Mai Tsaga

Kawuna ya rasu ranar kasuwar Gangara, wai shi ya sa jana'izarsa ba ta cika ba. Haka mutane suka ce. Ni kuwa na san ko da ranar Juma'a ce, ana saukowa daga masallaci, sahun ba zai ƙaru da mutum ko ɗaya ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan babu mai ja. Abin da nake ja da shi shi ne abin da na ji a zaure bayan mun dawo daga rufe shi.

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yafe masa abin da ya yi da saninsa, da wanda ya yi ba da saninsa ba." Ya ja ƙarshen maganar, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Kowa ya san inda aka dosa. Wani falke da Kawu ya sha gyara wa amalanke ya ce, "Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Da ya ji maganar mutane da ba a yi asarar rai ba." Wani ya ce ai tsufa ne. Wani ya tambaya ko an ga gajimare wajen Olelewa, hira ta koma can.

Mahaifiyata, wadda ita da shi ciki ɗaya suka fito, ta zo ta zauna cikin mata. Ba ta yi kuka ba. Da aka ce mata ta yi haƙuri, sai ta ce, "Na riga na yi haƙurina tun bara waccan."

Mutum ɗaya ne ya yi gaisuwa irin ta Allah da Annabi. Wani tsohon Buzu ne daga wajen Tanhiya, ya gurfanar da raƙuminsa a bayan danga, ya shigo bai sauke amawali daga bakinsa ba. Ya daɗe zaune. Da zai tashi ya ce da gurguwar Hausarsa, "Hannu ya tafi." Bai ƙara ba.

Karatuna bai yi nisa ba, na allo ban sauke ba, na Nasara a Damagaram aka koro ni. Amma abin da nake da shi ya isa in ajiye wannan. Garin nan ya yanke cewa ƙusar Kawu ce ta kashe mutum a rijiya. Mutumin da ya mutu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In akwai wanda ya cancanci ya riƙe Kawu a zuciya, ni ne. Ni kuma na ce ƙarya ne.

Kawu maƙeri ne, ɗan maƙeri. Gajere, mai faɗin ƙirji, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ba ya gaisuwa mai tsawo. In ka ce masa ina gajiya, sai ya ce, "Tana nan. Me ka kawo?" Yana cin goro da gefe ɗaya saboda haƙoran ɗaya gefen tartsatsi da shekaru sun gama da su. Ba ya yarda a zauna kan uwar maƙera, ko mai gari ne. Ba ya ƙira da gawayin da ba na ƙirya ba. Hauya da gatari da lauje duk yana yi kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi daga nan har Belbeji ƙusar rijiya ce.

Wanda bai san rijiyoyin Damargu ba sai in yi masa bayani. Zurfinsu ya wuce a ja da hannu. Ana kafa gwafa a baki, a ɗora gungume mai juyawa, wanda muke kira kurar rijiya, igiya ta bi ta kansa, raƙumi ko sa ya ja wasaki, wato babban gugan fata, cike da ruwa. Gungumen yana juyawa ne a kan sandar ƙarfe. A ƙarshen sandar akwai ƴar huda, a cikin hudar ake sa ƙusa don kada sandar ta zare. Shi ke nan. Abu bai kai tsawon yatsa ba, amma ran wanda ke tsaye a bakin rijiya a kansa yake rataye.

Tun kakanni ƙusar dunƙulalliya ake yi, a zura, a ɗaure da tsinken fata. Gungume na juyawa, ƙusa na motsi, fata na jiƙewa tana bushewa har ta ruɓe. Mai hankali yakan duba kowace safiya. Mai hankali kuwa ba shi da yawa.

A shekarun da sojan Nasara suka riƙa wucewa arewa, sun bar tarkace a hanya, har da ƙarafan da ake ɗaure gangar ruwa da su. Maƙera suka kwasa suna yin wuƙaƙe. Kawu ya lura ƙarfen nan ba kamar namu na tama ba ne: in ka lanƙwasa shi ka saki, yana neman komawa yadda yake. Sai ya yanki ɗan falle, ya naɗe shi kamar tabarma, bai bar bakin biyu sun haɗu ba. Ƙusa ta fito cikinta fanko, da tsaga daga sama har ƙasa, ta ɗan fi hudar kauri. Ya fiƙe kanta kaɗan, ya buga da guduma. Tana shiga tana matsewa, tana ciki tana neman buɗewa, sai ta cije bangon hudar. Babu fata, babu ɗauri.

"Mai tsaga tana numfashi," in ji shi. "Dunƙulalliya gawa ce, inda aka ajiye ta nan take, in an girgiza ta faɗo."

Bai taɓa ba mutum ƙusa daga cikin kwando haka kawai ba. Sai ya yi tambaya har ka gaji. Na taɓa zama a wurinsa wani makiyayi ya zo yana sauri.

"Maƙeri, ba ni ƙusa guda."

"Me ke ja?"

"Me ke jan me?"

"Wasakin. Raƙumi ne, ko sa, ko jaki, ko uwarka?"

"Raƙumi."

"To raƙumi fizga yake yi, ba ja ba. Mai kauri za ka ɗauka. Ruwan da kanwa?"

"Da ɗan ɗanɗano."

"Kanwa na cin ƙarfe. Ina sandar?"

"Tana rijiya mana."

"Ka je ka kawo ta, ko ka danna laka a hudar ka kawo mini lakar. Ba na yi wa ramin da ban gani ba ƙusa. Ko kabari sai an auna."

Mutumin ya tafi yana zagi. Washegari ya dawo da laka a cikin ganye.

Haka yake da amalanken fatake, da ƙyauren rumbun ƴan kasuwa, da duk abin da ke juyawa a kan ƙarfe. In ƙusa ta shiga da hannu ba guduma, ya ce ta yi kaɗan, a jefar. In ta ƙi shiga har bakin tsagar ya haɗe, ya ce ta yi yawa, za ta tsage. In an taɓa zare ta an mayar, ya ce ta gaji, a sake wata. Tsagar ma sai ya juya ta ta fuskanci inda nauyi yake tafiya. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Kai in za ka ɗauki buhu, da gefe kake tararsa?"

Ba mala'ika ba ne. Ya taɓa jifan wani ɗan'uwansa maƙeri da awartaki a tsakiyar kasuwa, don ya ce ƙusa mai fanko ha'inci ce, Kawu na sayar da iska a farashin ƙarfe. Sun mutu ba sa ga maciji. Kuma duk maƙeran yankin nan bayan wancan suke, don a wurinsu tsaga a jikin ƙarfe abin kunya ce. Maƙerin da ya bar aiki ya fita da tsaga, kamar macen da ta kai wa baƙo tuwo da gudaji ce. Tun suna yara ake dukansu a kan haka: ka ga baki a buɗe, mayar wuta, haɗe shi. Kawu kaɗai ya fita daga wannan layi, ba su kuma taɓa yafe masa ba.

Amma akwai wata Buzuwa, bazawara, mai ƴan awaki da jaki ɗaya gurgu, tana shayarwa a wata tsohuwar rijiya a yamma da gari. Kawu ya ga tana tura ƙaya a hudar sandar a madadin ƙusa. Ya koma ya ƙera, ya tako da ƙafarsa cikin rana, ya buga mata. Ta kawo masa cuku, ya ce haƙoransa ba za su iya ba. Wannan ita ce ƙusa mai tsaga ta farko da ta shiga rijiya a ƙasar nan. Tsohon Buzun da ya zo gaisuwa yayanta ne.

Yanzu sai in zo kan ɗansa.

Ɗan kawuna taubashina ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Kowa ya san abin da ke tsakanin irinmu: wasa. Tun muna ƙanana yake kirana bawansa, ni ina kiransa ɓarawon gawayi. In na ce ya saci akuya a gaban mai gari, dariya za a yi. In ya ce ni shege ne, uwata ma murmushi za ta yi. Maganar taubashi ba ta shiga kunnen shari'a. Na ji daɗin wannan al'ada shekaru da yawa. Ban san ita za ta rufe mini baki ba.

Shi ma maƙeri ne, hannunsa kuma ba laifi. Amma kunya ta yi masa yawa. A kasuwa sa'o'insa suna ce masa ɗan mai tsagaggiyar ƙusa, wai gidansu ba a iya haɗa ƙarfe ba. Yakan dawo fuska a murtuke. Na sha ji yana cewa, "Baba, ko don bakin mutane, a riƙa haɗe ta." Kawu yakan ce, "Bakin mutane ba shi ke riƙe wasaki ba."

Bara waccan wani attajiri mai raƙuma ya haƙa sabuwar rijiya a hanyar Tanut, mai zurfin gaske, ya ba gidan Kawu aikin ƙarfenta. Lokacin sanyin ƙashi ya riga ya kama Kawu a gwiwa, ba ya iya tafiya mai nisa. Ya ƙera sandar, ya ƙera ƙusa a zaune, ya gwada, ya ba ɗansa ya ce ya je ya buga.

Ƙanena yana cikin masu jan ruwa a wannan rijiya. Aikinsa ya tsaya a baki, in wasaki ya iso ya kama ya juye a kwamin da dabbobi ke sha. Mutum ne mai waƙa a bakin aiki, yana da mata da goyo. Wata rana da hantsi cikin bazara, raƙumi ya fizga, wasaki cike ya kusa baki, ƙanena ya miƙa hannu ya kama. Sandar ta zare. Gungumen da wasakin da igiyar suka tafi ƙasa, suka tafi da shi.

Ina cikin waɗanda suka je. Masu haƙa suka shiga suka ɗauro shi. Ba zan faɗi yadda na gan shi ba. Ana ta salati, ni ina duban ƙasa don ba na iya duban tabarmar, sai na ga ƙusar a cikin laka gindin gwafa. Na ɗauka na goge.

Babu tsaga. An mayar da ita wuta, an buge bakin ya haɗe sumul, har an bi da magagari. Aiki mai kyau, irin wanda maƙera ke yabo. Ta rame, ta mutu. Na zura ta a hudar sandar da yatsa biyu, ta shige, na juya sandar, ta faɗo.

Ban je gida ba, maƙera na wuce. Kawu na zaune, labari ya riga ni. Na ajiye masa a tafin hannu. Ya bi ta da babban yatsa, ya sake bi. Ɗansa na tsaye a bayan zuga-zugi, bai ɗago kai ba.

Na ce, "Kawu, wannan ba aikinka ba ne."

Ya ce, "Daga maƙerata ta fito."

"Ba haka ka ba da ita ba."

"Ɗan nan, abin da ya fita ta ƙofar nan nawa ne. Haka na tarar, haka ubana ya tarar."

"Ƙanena fa?"

Sai ya rufe hannunsa a kan ƙusar, sannan ya miƙo mini. "Ni ƙafata ɗaya na kabari. Shi yana da ƴaƴa, gari kuma ba ya zama babu maƙeri. In an kore shi, wa zai yi muku hauya?"

Na ce ban yarda ba. Ya ce bai tambaye ni ba.

Da aka taru gaban mai gari, attajirin ya ce shi dama tun farko hankalinsa bai kwanta da ƙusa mai tsaga ba. Maƙeran da aka kira suka ce sun daɗe suna faɗa. Aka tambayi Kawu, ya ce, "Ƙusata ce." Na miƙe na ce ɗansa ne ya haɗe bakinta, ga ta nan, kowa ya duba. Wani dattijo ya kama rigata ya ce, "Kai, zauna. Wasan taubasai har a nan? Kabarin ɗan'uwanka ko bushewa bai yi ba." Wasu suka yi ƙasa da kai suna ɓoye murmushi, wasu suka yi tsaki wai ba ni da ta ido. Ba wanda ya karɓi ƙusar ya duba. Mai gari ya ce ƙaddara ce, amma daga yau kada a ƙara sa mai tsaga a rijiyar ƙasarsa.

Na kai wa mahaifiyata. Na nuna mata, na yi mata bayani kamar yadda na yi muku. Ta ce, "Ni ban san ƙarfe ba. Shi da bakinsa ya ce tasa ce. Kai kuma tun kuna yara ba ka da magana sai ta sharri a kan yaron nan." Daga ranar ba ta ƙara taka gidan ɗan'uwanta ba. Da Salla ya aika mata da goro, ta mayar.

Kawu bai ƙara kama guduma ba. Ya bar wa ɗansa maƙerar, ya koma zama gindin danga. In yara sun wuce sukan ce, "Mai tsaga," su ruga. Ya daina zuwa masallacin Juma'a, wai gwiwa. Nakan je in zauna da shi. Wata rana ya ce, "Uwarka tana cin abinci?" Na ce tana ci. Ya ce, "To madalla." Ranar da jikinsa ya yi tsanani na je na ce mata ɗan'uwanki na tafiya. Ta ce tana daka. Ta zo bayan an fita da shi.

Ranar sadakar uku na yi shawara da zuciyata. Na ce wanda ya hana ni ya tafi, yanzu babu wanda zai ce tasa ce. Bayan an shafa fatiha, ana raba gumba, na fito da ƙusar na ajiye a tsakiyar tabarma, gaban liman. Ban ɗaga murya ba, don kada a ce hauka. Na ce, "Jama'a, ku dubi wannan don Allah. Ita ce ta fita daga sandar. Babu tsaga a jikinta. Mamacin nan bai taɓa ƙera irinta ba, kun sani. Ga wanda ya haɗe ta nan zaune."

Idanu suka koma kan taubashina. Na ce a raina, yau dai.

Sai ya yi dariya. Ba mai ƙarfi ba, daidai ta zaman makoki. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙusar ya juya ta, ya ce, "Kun ga bawan kirki. Ubangidansa na cikin rashi, ya kawo masa gudummawar ƙarfe. Allah ya yi maka albarka, bawana, gobe ka zo da gawayi."

Zaure ya ɗauka da dariya. Har falken nan yana share hawaye. Liman ya ce, "Taubasai ke nan, su ne gishirin makoki. Da babu su baƙin ciki ya kashe mutane." Taubashina ya sa ƙusar a aljihu. Da na bi ta maƙera daga baya, na tarar yana fiƙe wani ƙarfe mai tsawon yatsa yana mayar da shi basilla. Ban tambaya ba.

Ba na cewa ya yi niyyar kisa. Abin da aka koya wa kowane ɗan maƙeri ya yi: ya ga baki a buɗe, ya rufe. Watakila ma a ransa gyara wa ubansa suna ya tafi yi. Amma ya ga uban nan na zaune gindin danga yara na yi masa waƙa, kullum yana wucewa ta gabansa zuwa maƙera, bai taɓa buɗe baki ba. Wannan ne ba zan yafe ba, ko da ba wanda ya nemi yafewata.

Jiya na bi ta tsohuwar rijiyar yamma. Buzuwar ta daɗe da rasuwa, wasu makiyaya ke shayarwa yanzu. Na tarar sun sauke gungumen, mutum biyu sun danne sandar a kan dutse, ɗaya na dukan wani abu da guduma, gumi har gwiwar hannu. Na leƙa. Ƙusar Kawu ce, ta farkon nan. Tsatsa ta rufe ta, amma tsagar na nan.

Na ce, "Me ta yi muku?"

Mai gudumar ya ce, "Ba ta yi komai ba tukuna. Irin ta tsohon nan ce da ya kashe mutum. Mun sayo mai kyau wurin ɗansa." Ya nuna mini dunƙulalliya a ƙasa, da tsinken fata kusa da ita.

"Tun yaushe kuke dukanta?"

"Tun da muka zo. Tsinanniya ta ƙi fita."

Na zauna a kan kwami ina kallo. Na gaji da faɗa. Awaki na kuka don ƙishirwa. Sai da rana ta take tsaka suka samu ta fita, shi ma sai da suka karya ta. Ɗayansu ya shure gutsattsarin cikin yashi, ya zura sabuwar da yatsa biyu, ya ce, "Ka ga wannan, ko wahala babu."

Allah, kai ka ga tafin hannunsa ranar da ya rufe shi a kan ƙusar nan. Mu nan ba mu da mai duba. Ka jiƙan Kawu, ka jiƙan ƙanena, ka kuma tsare wanda zai tsaya a bakin rijiyar yamma gobe da safe.